Kartar Wata-Wata Tsakanin Abokai: Ina Wasa Ya Tsaya, Ina Caca Ta Fara?

A ƙasar Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai wata al'ada da ta zauna da gindinta a gidajen mutane. Abokai takwas ko goma sukan haɗu sau ɗaya a wata a gidan ɗayansu, su ci abinci, sa'an nan su zauna a kan tebur su buga wata irin karta da ake kira foka. Kowa yakan zuba kuɗin shiga iri ɗaya, a ba shi 'yan kwabban roba masu launi waɗanda da su ake wasan, a yi ta bugawa har kwabban su taru a hannun mutum guda. Ana rubuta makin kowa a littafi, wata bayan wata, in shekara ta ƙare sai a yi zaman ƙarshe a fid da gwani. Masu yin haka suna kiransa wasan zumunci. A harshenmu kuwa, duk inda karta ta haɗu da kuɗi sunanta caca, kalma mai nauyi wadda babu uban da yake so a jingina wa ɗansa. To, wane ne ke da gaskiya? Mai bi zai iya shirya irin wannan zama a gidansa da lamiri mai tsabta?

Yadda abin yake

Kafin a yanke wa abu hukunci, ya kamata a san shi. Foka ta taso ne a farkon ƙarni na 19 a wajajen birnin New Orleans, ta bi jiragen ruwa na kogin Misisifi ta bazu cikin ƙasa. Nau'in da aka fi bugawa a gidaje a yau shi ne wanda ake kira Texas Hold'em. Ana amfani da kati 52. Kowane ɗan wasa yana karɓar kati biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya a buɗe, da farko uku, sa'an nan ɗaya, sa'an nan ɗaya. A kowane mataki mutum yana da zaɓi: ya ƙara zubi, ko ya biya abin da wani ya zuba, ko ya ajiye katinsa ya janye. Akwai kuma zubin dole da mutum biyu suke yi kafin a raba kati, wanda ake ɗaga shi bayan kowane 'yan mintoci domin wasan ya zo ƙarshe a kan lokaci.

Babbar gasar foka ta duniya ta fara ne a 1970 a birnin Las Vegas. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker, wanda ya sami gurbin shiga ta wata ƙaramar gasa a intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya lashe ta, ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. A wannan shekara mutum 839 ne suka shiga babbar gasar. A 2006 sun kai 8,773. Daga wannan lokaci ne gasar cikin gida ta yawaita, domin kowane ma'aikaci ya ga cewa ɗan'uwansa ma'aikaci ya yi nasara. Mu riƙe wannan a zuciya: abin da ya cika teburan gidajen har da mafarkin arziki na dare ɗaya, ko da yake yawancin masu zama a kansu hira da dariya suka zo nema.

Abin da Ikilisiya take koyarwa

Mutane da yawa suna zaton Ikilisiyar Katolika ta haramta kowane wasa da aka sa kuɗi a ciki. Koyarwarta ta fi haka zurfi, ta kuma fi haka wuya a bi. Littafin Katikisim na Ikilisiya, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya yi magana a kan wannan a sakin layi na 2413, a ƙarƙashin doka ta bakwai, wato dokar da ta hana sata. Ma'anar abin da ya koyar ita ce, wasannin sa'a da na zube ba su saɓa wa adalci a kan kansu ba. Suna zama abin ƙi ne sa'ad da suka raba mutum da abin da yake bukata domin ya riƙe kansa da waɗanda suke ƙarƙashinsa. Ya yi kashedi cewa sha'awar caca tana iya mai da mutum bawa. Ya kuma ƙara da cewa maguɗi a wasa babban laifi ne, sai fa in asarar da aka jawo ta yi ƙanƙantar da mai ita ba zai ɗauke ta a bakin komai ba.

Sa batun a ƙarƙashin dokar sata yana da ma'ana. Abin da Ikilisiya take tambaya shi ne, kuɗin wane ne aka ɗora a kan tebur? In na magidanci ne, daga abin da ya rage masa bayan ya sauke hakkin gida, to ya kashe shi a kan nishaɗi kamar yadda wani zai kashe nasa a kan tikitin kallon ƙwallo. In kuwa kuɗin makarantar yara ne, ko na haya, ko na maganin tsohuwa, to tun kafin a raba kati an riga an yi sata, kuma wanda aka yi wa satar yana gida yana barci.

Shi kansa wasa, manyan malaman Ikilisiya ba su raina shi ba. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar da cewa kamar yadda jiki yake gajiya ya bukaci hutu, haka rai ma yake gajiya, kuma hutun rai shi ne nishaɗi. Ya kawo wani tsohon labari game da Yohanna Manzo, wanda aka tarar yana wasa da almajiransa har wasu suka yi gunaguni. Sai ya sa wani mai baka ya yi ta harba kibiya, ya tambaye shi ko zai iya ci gaba da yin haka ba tsayawa. Mutumin ya ce bakan zai karye. Manzon ya ce haka zuciyar ɗan Adam take. Toma ya kai ga cewa mutumin da ba ya wasa ko kaɗan, wanda yake zame wa jama'a kaya da ɗaurin fuskarsa, shi ma yana da aibi. Amma ya gindaya sharuɗɗa: kada wasan ya zama na batsa ko na cutarwa, kada ya tafi da natsuwar rai gaba ɗaya, ya kuma dace da mutumin da lokacin da wurin.

Muryar da ba za a toshe wa kunne ba

Da a nan maganar ta tsaya, da ta yi sauƙi. Amma akwai wani waliyyi mai taushin hali wanda ya tsananta a kan karta. Waliyyi Faransis na Sales, bishop na Janeba, a littafinsa na 1609 game da rayuwar ibada ga masu zama cikin duniya, ya yarda da wasannin da gwaninta ce take kawo nasara a cikinsu, muddin ba a wuce gona da iri a lokaci ko a kuɗi ba. Wasannin da sa'a ta fi rinjaye a cikinsu kuwa, ya ƙi su. Dalilansa uku ne. Na ɗaya, riba tana tafiya wurin wanda bai cancance ta da komai ba. Na biyu, mai buga su ba ya hutawa, sai dai ya zauna zuciyarsa a ɗaure, fuskarsa a murtuke, har ba a iya yi masa magana. Na uku, wanda ya fi kowanne kaifi, murnar wanda ya ci ba ta samuwa sai ta hanyar baƙin cikin abokinsa. Ya san za a ce masa ai da yardar kowa aka zauna. Amsarsa ita ce, yarda tana nuna wanda ya ci bai zalunci kowa ba, amma ba ta mai da yarjejeniyar ta zama mai hankali ba.

Masu son foka sukan kare kansu da cewa nasu wasan na gwaninta ne. Akwai gaskiya a ciki. A hannu ɗaya sa'a ce take mulki, amma a ɗaruruwan hannaye wanda ya iya lissafi, ya iya haƙuri, ya iya karanta mutane, shi yake rinjaye. A 2012 wani alƙalin tarayya a New York, Jack Weinstein, ya yanke cewa gwaninta ta fi sa'a yawa a foka, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin nasa a 2013 bisa wata hujja ta daban. To, amma wannan kariya tana da baki biyu, kuma a nan ne gasar wata-wata ta bambanta da zaman dare ɗaya. In gwaninta ce take rinjaye a tsawon lokaci, gasar da aka shimfiɗa a kan wata goma sha biyu tana nufin kuɗi za su riƙa gangarowa daga aljihun mutum biyu ko uku marasa iyawa zuwa aljihun mutum biyu ko uku masu iyawa. Kowa a teburin ya san su wane ne waɗannan, ya san su wane ne waɗancan. Saboda haka tambayar da take gaban mai gida ta sauya. Abokin nan da yake faɗuwa kowane wata, don me ake gayyatarsa? Don ana son zamansa, ko don ana son zubinsa?

Wannan ita ce tambayar da ta raba wasa da caca a gidan abokai. Zumunci ya kamata ya zama uban gida, karta ta zama baransa. Ranar da aka wayi gari zumunci ya koma bara, ana riƙe da aboki domin kujerarsa tana kawo kuɗi, ranar nan wasa ya mutu, ko da kuɗin shigar bai taka kara ya karya ba. Ma'aunin kuwa shi ne mafi rauni a teburin, wanda ya fi kowa ƙarancin samu, ko ƙarancin iyawa, ko ƙarancin iya tsayar da kansa.

Burga ƙarya ce?

Akwai wani abu da yake damun masu lamiri game da foka. Babban sashe na wasan shi ne burga: mutum ya zuba da yawa alhali katinsa ba kome ba ne, domin abokin karawarsa ya tsorata ya janye. Wannan ba ƙarya ba ce? Waliyyi Agustin, wanda ya fi kowa tsanani a kan ƙarya, ya ɗauke ta a matsayin faɗin abin da mutum ya san ba haka yake ba da niyyar ruɗin wani. Amma zubi a foka ba shaida ba ce da mutum yake bayarwa game da katinsa. Duk wanda ya zauna ya san tun farko cewa zubi yana iya fitowa daga ƙarfi, yana iya fitowa daga rauni, kuma ba wanda yake da hakkin sanin abin da yake hannun wani. Kamar ɗan ƙwallo ne da ya karkata hagu ya bi dama. Ba wanda zai kai shi gaban Fada a kan ya yi ƙarya.

Abin da yake ƙarya na gaske yana wani wuri. Leƙen katin maƙwabci, yi wa kati alama, ɓoye kwabbai a aljihu a fito da su daga baya, mutum biyu su haɗa baki su matse na uku, ko miji da mata su riƙa sassauta wa juna a asirce: waɗannan su ne maguɗin da Katikisim ya ambata, domin sun karya yarjejeniyar da kowa ya dogara a kanta. Akwai kuma ƙaryar da ake yi bayan an tashi, wadda ta fi duka yawa, wato mutum ya koma gida matarsa ta tambaye shi nawa ya tafi, ya rage adadin. Wanda ya fara ɓoye wa iyalinsa lissafin wasansa, lamirinsa ya riga ya gaya masa inda yake.

Nauyin mai gida

Tun da haka ne, ƙa'idodin da mai gida yake shimfiɗawa ba ƙananan abubuwa ba ne, su ne shingen da yake kare mai rauni. Mu ɗauki misali. Mutum goma, kowa dala 20, a tara dala 200, a raba wa ukun farko: rabi ga na ɗaya, kashi 30 cikin 100 ga na biyu, kashi 20 ga na uku. In dokar ita ce wanda kwabbansa suka ƙare ya fita ke nan, to mafi munin abin da zai sami mutum a shekara shi ne dala 240, kuma ya san wannan tun daga watan Janairu. In kuwa an yarda mutum ya sake saye duk lokacin da ya faɗi, rufin ya yaye, kuma wanda zai fi sake saye shi ne wanda ransa ya ɓaci, yana bin abin da ya tafi. Garin neman gira a rasa ido. Don haka a yanke kuɗin shiga daidai da aljihun mafi ƙarancin samu, a kuma rufe ƙofar sake zubi.

Bashi kada ya hau tebur. Abokin da ya ranta wa abokinsa domin ya ci gaba da wasa bai taimake shi ba, ya dai ɗaura masa igiya wadda za ta shaƙe zumuncinsu. Haka nan a yi hattara da ƙaramin tebur na gefe, inda waɗanda aka fitar da wuri sukan koma su buga da tsabar kuɗi ba iyaka; sau da yawa a nan ne ɓarnar take, alhali babbar gasar tana da tsabta. A sa lokacin tashi, a kiyaye shi, domin wanda ya kwana a kan karta daren Asabar, da wuya a gan shi a Misa da safe da hankalinsa.

Mai gida kada ya yanki kamasho. Ko dokokin ƙasa sun gane wannan iyaka. A Birtaniya dokar caca ta 2005 ta yarda da wasa a cikin gida muddin ba a karɓi ladan shiga don amfanin mai shiryawa ba. A Amurka kowace jiha da tata dokar: da yawa sun ƙyale wasan abokai in ba wanda yake cin riba sai ta hanyar wasan kansa, jihar Utah kuwa ta hana caca kowace iri. Hikimar a fili take. Ranar da mai gida ya fara samu daga yawan zubi, ya daina zama mai masaukin baƙi, ya zama ɗan kasuwa, kuma ɗan kasuwa ba ya korar mai saye. In ana ware wani abu kowane wata domin zaman ƙarshen shekara, wannan amana ce, a rubuta ta, a karanta wa kowa.

Shi kansa makin yana da tarko. Tsarin da yake ba da maki don zuwa kawai yana hukunta wanda ya zauna gida saboda jinyar ɗansa ko saboda aljihunsa ya yi sanyi a wannan wata. Gara a lissafta sakamako takwas mafi kyau daga cikin goma sha biyu, domin mutum ya iya cewa ba zan zo ba, ba tare da ya ji ya yi asarar shekara ba.

Ranar da za a naɗe tabarma

Akwai gwaji na ƙarshe, wanda ba ƙa'idar da za ta ɗauke wa mai gida shi. A cikin kowane taron mutane ana iya samun wanda wannan ɗan wasa ba zai tsaya masa a ƙarami ba. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, a kundinsu na 2013, sun sa jarabar caca a aji ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafta ta cikin cututtukan jaraba. Ikilisiya ta san wannan ciwo tun da daɗewa. Waliyyi Kamilus na Lellis soja ne ɗan Italiya wanda caca ta cinye duk abin da ya mallaka, har makamansa da rigarsa, ya koma lebura a wurin ginin sufaye kafin ya tuba a 1575. Daga baya ya kafa ƙungiyar masu jinyar marasa lafiya, ya rasu a Roma a 1614. Alherin Allah ya cece shi, amma ba wanda zai so ya zama abokin da ya riƙa raba masa kati a shekarun faɗuwarsa.

Alamun ba su ɓuya ba: mutum ya fara neman a ɗaga kuɗin shiga, ya fara rance, ya daina dariya in ya faɗi, a ji yana buga wata a wayarsa tsakar dare. In mai gida ya ga haka, wajibi ne ya keɓe da shi ya yi masa magana cikin ƙauna, ya nuna masa inda zai sami taimako. In ya kama, a cire kuɗi daga wasan gaba ɗaya, a buga domin maki da ɗan kofi. In hakan ma bai isa ba, a naɗe tabarmar. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa gara ya bar abincin da ya halatta a gare shi da ya zama sanadin faɗuwar ɗan'uwa mai rauni. Gasar da ba za a iya dakatar da ita saboda mutum ɗaya ba ta riga ta fi mutumin daraja a idon masu ita. Cire kuɗin ma gwaji ne mai kyau: in an cire, abokai nawa za su zo a wata mai zuwa? Yawan waɗanda suka zo shi ne gwargwadon zumuncin da yake teburin tun farko.

Mu da muke karanta wannan a ƙasar Hausa, muna da ƙarin abin dubawa. Maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauki caca haram, ƙaramarta da babbarta, kuma tun daga shekarar 2000 jihohi da dama na Arewa suka hana ta a ƙarƙashin dokokin Shari'a. Abin da yake wucewa a matsayin nishaɗi a wani gida na Amurka yana iya zama karya doka a nan, yana iya kuma ɓata sunan masu bi a unguwa. Toma ya riga ya ce wasa sai ya dace da wuri. Wanda yake marmarin zaman wata-wata da abokansa, ƙofa a buɗe take: ga dara, ga ludo, ga karta ba kuɗi, ga tuwo da hira. Zumunci a ƙafa yake, kuma tafiyar da aka yi zuwa gidan aboki ita ce ribar zaman.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce, inda doka ta yarda, mai bi zai iya shirya irin wannan gasa ba tare da zunubi ba, amma da sharaɗin ya karɓi aikin makiyayi a kan teburinsa. Idonsa ya fi zama a kan wanda ya fara fita fiye da kan wanda ya ci, ya lura da yadda ya tashi, da yadda ya yi sallama, da abin da zai tarar a gida. Ubangiji ya ba mu hikimar yin wasa kamar 'ya'yansa, ya kuma ba mu ƙarfin halin ajiye shi sa'ad da ƙaunar ɗan'uwa ta bukaci haka. Amin.